Jan Bulo na Mazauna Ne

Kwana huɗu ke nan ana ruwa a Injamena, irin ruwan nan da ba ya tsawa ba ya iska, sai dai ya zauna maka kamar baƙon da bai san an gaji da shi ba. Jiya da hantsi na leƙa bakin hanya na tarar da samarin unguwarmu Tukra suna cika buhuna da ƙasa, kowa da wayarsa ƙulle a leda, wani yana ta kiran ɗan'uwansa a unguwar Farsha yana tambaya ko ruwan ya kai can. Ɗaya daga cikinsu ya ce min wai an faɗa a rediyo ba a taɓa ganin irin wannan damina ba. Na dube shi kawai. Da kunnena na ji wannan magana a tsakiyar shekarun casa'in, a kan wannan hanya, kuma mahaifina ya ce da yana yaro ma haka manya suka faɗa. Na koma ciki na zauna raina a jagule, domin warin jiƙaƙƙen bango ya riga ya mayar da ni daminar da na rasa mahaifiyata.

Sunana Ilyasu, amma a gida Maisuna ake kirana, don sunan kakana na ci. Kakan nan nawa ya taso daga ƙasar Katsina a ƙafa, shi da matarsa da jaki ɗaya, da niyyar zuwa Makka. Yana isowa bakin kogin Shari damina ta tare shi, guzuri kuma ya ƙare, sai ya ce bari ya yi noma ɗaya ya wuce. Noma ɗayan nan ne har yau ba a gama ba. A nan aka haifi Baba, a nan aka binne kakan, a nan aka haife ni da ƙanwata Hajara. Duk da haka, in ka kuskura ka ce wa Baba "gidanku", sai ya ɗaga maka yatsa.

"Zango dai. Mu 'yan hanya ne, ba mu iso ba tukuna."

Akwai irinmu da yawa a garin nan, jikokin mahajjatan da hanya ta ajiye. Wasu sun daɗe da haƙura, sun yi gine-gine a unguwar Shagwa, 'ya'yansu ma Larabci ya fi zama a bakinsu. Baba kuwa ya riƙe abin da hannu biyu. A wurinsa niyyar da Tsoho ya ɗauro, haka yake kiran mahaifinsa, amana ce da ba ta faɗi ba, kuma ranar da muka yi ginin zama ranar za ta faɗi. Saboda haka a zangonmu ba a dasa itace, ba a sa ƙofar ƙarfe, ba a ɗora jan bulo ko guda ɗaya. Dawa da kuɓewa an yarda a shuka, tunda ana iya girbe su kafin a tashi.

Abin dariyar, in akwai dariya a ciki, jan bulo shi ne sana'armu. Duk rani muna bakin rami, ni da Baba da maƙwabcinmu Adum, wani Balaraben Shuwa mai yawan shan shayi da ƙarancin magana. Mu haƙa yumɓu, mu kwaɓa da ƙafa, mu buga a akwatin katako, mu shanya, mu tara shi tsibi ya fi tsayin mutum, mu cusa ƙwallon goriba da kashin shanu ta ƙasa, mu ba shi wuta kwana da kwanaki har ya yi ja. Bulon Baba in ka ƙwanƙwasa shi ƙara yake yi. Gidaje da yawa da ke tsaye da ƙafarsu a wannan yanki da bulonsa aka tayar da su. Shi kuwa in ya tashi aiki sai ya koma ya kwanta a ɗakin ɗanyen tubali, wanda kowace shekara sai an yi masa yaɓe. In mai saye ya tsokane shi, amsarsa ɗaya ce, jan bulo na mazauna ne.

Inna ba 'yar hanya ba ce. Mahaifinta ɗan kasuwa ne da ya zo daga Kano, ya zauna, kuma ya faɗa da bakinsa cewa ya zauna. Tana da baki, ba ta kuma raga wa Baba.

"Malam, shekara talatin ina zango. Jakin da ya kawo ku ma ai jikokinsa sun mutu."

Sai ya yi dariya har ya share ƙwalla, ya ce, "Uwar Hajara, ke dai ki ɗaure kayanki. Gobe da sassafe."

Suna son juna, wannan ban taɓa shakka ba. Abu ɗaya ta roƙe shi tun ina ƙarami, ɗaki guda na jan bulo, inda za ta yi jeren kwanukanta damshi bai ci gindinsu ba. A shekarar da nake ba da labari gwiwoyinta sun riga sun kumbura, daga ɗakinta zuwa murhu sai ta huta sau biyu. Ɗakin nata shi ne na ƙarshe ta gabas, inda ruwa ke bugu, bayansa kuma yana kallon ramukan da mu da kanmu muka haƙa.

Kuma ba wai Baba bai san abin da ɗanyen bango ke yi ba. Yana da ƙanwa, Asabe, wadda bango ya danne tana 'yar shekara shida, a wannan fili, wata damina da kogi ya cika. Kowace shekara in hadarin farko ya haɗo sai ya ba mu labarinta: wushiryarta, tsoron kwaɗin da take yi, yadda shi da Tsoho suka tono ta da hannu. In ya gama ya shafa fuska ya ce kwananta ne ya ƙare, mu ce Allah ya jiƙanta, a kawo tuwo. Na ji labarin nan ya fi sau ashirin, ban taɓa jin wani a cikinmu ya ce, to, yanzu me za a yi wa bangon ba.

Shekarar nan bazara ta gasa mu. Ƙasa ta tsattsage, tabarma in ka kwanta sai ka ji kamar daga kan murhu aka ɗauko ta, ruwan randa ya yi ɗumi tun kafin azahar. Mun gasa tsibi na ƙarshe a makare, muna sauke shi hadari ya haɗo. Masu saye suka ce sai bayan damina, mota ba za ta shiga ba. Sai muka jera shi a kan tudu kusa da ƙofar zango, taku arba'in daga ɗakin Inna. Na auna takun nan daga baya, ba sau ɗaya ba.

Makonnin farko murna muka yi. Ƙasa ta yi ƙamshi, Baba ya shuka 'yar dawarsa a bayan ramuka, matata Rabi da ke ɗauke da cikin fari ta daina kwana a zaune saboda zafi. Daga nan sama ta buɗe ta ƙi rufewa. Ramukanmu suka cika, suka haɗe, suka zama tafki ɗaya, irin wanda mutanen garin nan ke kira buta. Inna ta ce ita dai butar da ta sani ta alwala ce, wannan kam sai dai in ta alwalar aljanu ce.

Dawa ta nutse tun tana gwiwa. Aikin bulo babu, hanya ta yanke, hatsi ya yi wuya. Muka koma ci sau ɗaya a wuni, bayan la'asar. Da asuba aikin farko shi ne kwalfe ruwan da ya kwana a tsakar gida, ni da bokiti, Baba da ƙwarya. Rabi ta fita gefen tudu ta tsinko tafasa da rama, Inna na zaune a bakin ƙofarta tana gyarawa, a dafa da ɗan ƙuli in akwai. Tuwo ya yi ta ƙanƙancewa a cikin akushi har kana hango gindin tun kafin ka sa hannu. Itace ya jiƙe, sai hayaƙi, Rabi ta yi ta hura wuta tana hawaye, ashana kuwa a cikin ɗankwalinta take ɓoye ta kada ta sha damshi. Tufafi ba sa bushewa, gishiri ya narke a kwalba, tsakanin yatsun ƙafa ya ruɓe ya yi fari. Sauro ba a magana. Yunwar damina ta fi ta rani cin rai, domin ko'ina ka duba kore ne shar, ruwa har ya ishe ka, cikinka kuma yana kuka. Na lura Inna tana tura rabonta gaban Rabi tana cewa wai cikinta ba ya son tafasa, alhali ita ta koya mana cinta.

A lokacin babu waya. Labarin kogi masu kwalekwale ke kawowa, su ce ruwa yana tafe daga kudu, ya ci gari kaza, ya ci gonakin wane. Tukra kuma tsakanin ruwa biyu take, kogin Shari ta nan, kogin Lagon ta can. Wata safiya Adum ya tsaya a ƙofa, ko sallama bai yi ba, ya ce, "Almi ja." Ruwa ya zo ke nan. Duk namijin da ke unguwar ya fito, Bahaushe da Balarabe da mutanen kudu masu zuwa coci, muka yi layi cikin taɓo muna miƙa wa juna buhunan ƙasa, muna ɗaga ganuwa a bakin unguwa. Mata suka haɗa ɗan abin da ya rage suna dama mana kunu, ba tsami ba sukari. Kwana tara muna wannan, kafaɗa ta saɓule, tafin hannu ya fashe. A wurin na ji wani dattijo yana nuna wani guntun tudu da ciyawa ta rufe, yana cewa ai wannan ita ce ganuwar da iyayensu suka yi, da ruwa ya janye aka bi ana ɗibar ƙasarta ana gini. Muka ce Allah sarki, muka ci gaba da miƙa buhu. Tamu ma haka aka yi mata kafin rani ya ƙare, kuma ina cikin waɗanda suka ɗiba.

Ganuwar ta tare kogi, amma ba ta tare tafkinmu ba, shi da yake ta ciki. Ruwansa ya yi ta matsowa har ya kwanta a gindin bangon Inna. Na ga damshi yana hawa, yau taƙi ɗaya, jibi kamu ɗaya. Sannan tsaga ta fito a kusurwa, siririya, daga sama zuwa tsakiya. Na soka tsinke a ciki da safe, da yamma na tarar ya faɗo don ta ƙara buɗewa. Na shiga na nuna wa Inna. Tana shafa man shanu a gwiwa, ta ɗaga kai ta duba, ta ce ta gani tun shekaranjiya, har ta janye gadonta daga jikin bangon. Janyewar duka bai fi kamu biyu ba, ɗakin ƙarami ne.

Na sami Baba a rumfa yana ɗaure carbinsa da ya tsinke.

"Baba, bangon Inna ya tsage."

"Na gani."

"Ga bulo can a jibge. Layi shida kawai a gindi, da ginshiƙi biyu ta baya, zai riƙe shi har ruwa ya janye."

"A tokare shi da itace."

"Na gwada, Baba. Itacen nutsewa yake yi cikin taɓo."

Can ya ce, "Maisuna, sunan wa gare ka?"

Bai jira in amsa ba, ya ci gaba.

"Mutumin nan ya bar uwarsa da gonarsa ya taho. Bai isa ba. Ni ban isa ba. In na ɗora jan bulo a nan, na ce masa ke nan tafiyarsa ta ƙare a ramin yumɓu. Ba zan faɗa masa haka ba."

"To Asabe fa?"

Ban taɓa yi masa magana irin wannan ba. Ya dube ni, idonsa ya kaɗa, ya tattara 'ya'yan carbinsa a tafin hannu ya bar min wurin.

Wata ranar Talata Baba ya shiga kwalekwale zuwa ta'aziyya a Shagwa, sai ni da Adum muka yi abin da muka ƙulla. Muka riƙa ɗauko bulo a kai, muna shiga ruwa har cinya, muna jerawa a gindin bangon. Inna tana jin motsinmu daga ciki, ta bubbuga bangon da maficinta.

"In ɓarayi ne ku yi sauri, mai zangon ya kusa dawowa."

Na ji farin ciki a muryarta, irin wanda na daɗe ban ji ba. Har tana tambaya ta cikin tsagar ko jan bulo yana karɓar farar ƙasa, don ita ba ta son ɗaki ja. Mun kai layi uku Baba ya dawo.

Bai yi faɗa ba, da ya yi da ya fi min sauƙi. Ya tuɓe rigarsa ya rataye, ya naɗe wando, ya shiga ruwan, dattijo mai shekara sittin da wani abu wanda ya yi wata biyu bai ƙoshi ba. Ya ciro bulo ɗaya, ya ɗauraye shi, ya kai tudu ya ajiye, ya dawo ya ciro na biyu. Adum ya ce, "Kalas," wato shi ke nan, ya wanke hannu ya tafi gida. Ni kuwa na tsaya ina kallon haƙarƙarin mahaifina yana hawa yana sauka. Da ya kai na goma ya zame ya durƙusa cikin ruwa, sai na kasa. Na kama shi na zaunar, na kwashe sauran da hannuna na mayar kan tudu. Daga cikin ɗakin ba a ƙara cewa komai ba. Wannan shi ne abin da na yi, kuma har yau kunyarsa da baƙin cikinsa ba su sake ni ba.

Saura hanya ɗaya, a fitar da Inna. Hajara tana aure a Shagwa, a gidan siminti, ta aiko sau biyu a kawo ta. Baba bai hana ba, shi ma ya ce ta tafi. Ita ce ta ƙi.

"In tafi in bar yarinyar nan da tsohon ciki, a hannun maza biyu da ko dama kunu ba su iya ba?"

"To ki dawo ɗakinmu, Inna. Ni in koma rumfa wurin Baba, tunda nasa ɗakin ruwa ya shiga."

"Ɗakin ɗan fari? Ka taɓa jin an yi? Bar ni da kunyata, ita kaɗai ruwa bai jiƙa ba."

Kwana uku ina lallashi. A na ukun ta sauko, da sharaɗin a tafi da Rabi tare. Na je na sami mai kwalekwale, ya ce in yanzu ne zai iya, in gobe ne zai iya. A ranar ne kuma ruwa ya ɗauke, rana ta fito fes, karon farko cikin mako biyu. Unguwa duk ta fito da tabarmi da tsummoki tana shanya, tururi yana tashi daga rufin ɗakuna, har dariyar mata ana ji ta kan katanga. Inna ta ce a bari kayanta su sha rana, kada ta je gidan suruki da warin damshi. Na dubi sama, babu gajimare ko ɗaya. Na ce wa mai kwalekwale, gobe da sassafe.

Ni mai bulo ne, ɗan mai bulo. Na san ɗanyen bango bai cika faɗuwa ana tsakar ruwa ba, sai rana ta bugi samansa ya bushe ya ja, gindin kuma yana nan taɓo. Na san wannan kamar yadda na san sunana. Amma ranar ta yi kyau, kuma na gaji.

Bayan azahar ta shiga ta ɗan kishingiɗa, gwiwoyin sun dame ta. Rabi na tsakar gida tana juya shanya, ni ina bakin tafki ina duba ƙugiyar da na kafa ko za a sami kifin miya. Ƙarar ba ta da girma. Wani dim ne mai nauyi, kamar an sauke buhu daga kan jaki. Sai na ji Rabi tana kiran sunana na yanka, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka kawo ta.

Da hannu muka tono ta, ni da Baba da Adum da waɗanda suka rugo. Jiƙaƙƙiyar ƙasa nauyi gare ta, ba ta ɗaguwa gaba ɗaya, sai dai ka yi ta kwasa dunƙule dunƙule. Azara ɗaya ta faɗo mata a ƙirji. Da muka kai gare ta tana numfashi sama-sama, fuskarta duk taɓo, Baba ya sa gefen rigarsa yana share mata. Ta dube shi, ta dube ni, kafin la'asar ta cika a kan cinyarsa. Yana ta cewa, "Uwar Hajara, Uwar Hajara," a hankali, kamar mai tashin wanda ya makara.

Washegari da sassafe mai kwalekwale ya zo kamar yadda muka yi da shi, shi ya ɗauke ta. Maƙabartar unguwa tana ƙarƙashin ruwa, sai wani tudu can kudu inda ake kai mutane a wannan damina. Kafin mu tashi liman ya tambaya da me za a rufe ƙaramin ramin kabarin. Ɗanyen tubali aka fi so, amma duk Tukra babu busasshe ko ɗaya, itace kuwa an ƙone na ƙonawa, sauran ya tafi a ganuwa. Liman ya ce in an rasa waɗannan, jan bulo ya halatta. Ba wanda ya dubi Baba. Ya miƙe da kansa ya tafi tudu, ya riƙa ɗaga bulo yana ƙwanƙwasawa da yatsa, wanda ya yi ƙara mai kyau ya ware, wanda bai yi ba ya mayar. Ya hana kowa taya shi ɗauka. A bakin kabarin ma shi ya sauka ya jingina su ɗaya bayan ɗaya, ya toshe tsakaninsu da yumɓu, a natse, yadda yake yi wa aikin wanda yake ganin girmansa. Da ya fito ya ce, ba da kowa yake ba, "Ita kam ta sauka."

Na yi kuka a wurin har sai da Adum ya janye ni gefe, kuma ba duka na rashi ba ne. Haushi nake ji, nasa da nawa, da na wannan aiki mai kyau da ya yi mata a ranar da ba ta iya gani.

Ruwa ya janye a hankali, ya bar mana taɓo da matattun kifaye da zazzaɓi. Rabi ta haihu a gidan Hajara kwana ashirin bayan rasuwar, mace, aka sa mata sunan Inna, muke kiranta Ummi. Baba ya zama wani mutum daban. Ya daina zuwa rami, ya daina labarin Asabe, in hadari ya haɗo sai ya shiga rumfa ya juya baya. Shekara shida ya ƙara a duniya, kuma ban sake jin ya gyara wa wanda ya ce "gidanku" ba.

Da ƙasa ta bushe unguwa duk ta koma kwaɓa. Wanda bangonsa ya faɗi ya tara ƙasar a inda ta faɗi, ya zuba ruwa, ya sake tayarwa a kan tsohon tushe. Wata safiya ina tsaye a kangon ɗakin Inna, Baba ya zo ya tsaya kusa da ni.

"Maisuna."

"Na'am, Baba."

"Bulon nan. In za ka sa, ka sa."

Bai jira amsa ba, ya koma rumfarsa.

Ina so in ce na sa. Shekara da shekaru, in an tambaye ni, sai in bar mutane su ɗauka Baba ne ya hana har ƙarshe, tunda ya rasu ba zai ƙaryata ni ba. Gaskiyar ita ce a makon nan hanya ta buɗe, motoci suka fara shigowa, kowa a gari yana neman jan bulo ido rufe. A gida babu ko ƙwayar hatsi, Rabi tana jego nono ya ƙi kawowa sosai, Baba yana tari. Na ce wa kaina irin wannan ruwa ba kowace shekara yake zuwa ba, daga Asabe zuwa Inna ai shekara hamsin ne da ɗoriya. Na ce bana a lallaɓa, baɗi in gasa tsibi guda musamman don ɗakin nan. Na tsaya ina kallo aka loda shi duka a mota, har da waɗanda taɓon gindin bangon bai gama fita daga jikinsu ba.

Sannan na tara ƙasar bangon da ya faɗi, na zuba mata ruwa da ƙaiƙayi, na shiga da ƙafa. Rabi ta dawo daga wankan jego, tana zaune a inuwa da jaririya a cinya. Ta daɗe tana kallona.

"Wannan ƙasar ce dai?"

"Ƙasa ai ƙasa ce."

"Wa zai kwana a ciki?"

"Na ajiyar kaya ne. Kafin baɗi."

Baɗi ta zo da nata, aka haifi wani, aka haifi wata, duk tsibin da na gasa da wanda ke jiransa, ɗakinmu kuma ya yi mana kaɗan. Da Ummi ta kai shekara bakwai aka ce ta isa raba shimfiɗa, ni da hannuna na fitar da buhuna daga ɗakin, na share, na shimfiɗa mata tabarma a jikin bangon gabas. Har yau a nan take kwana.